Gayya a Fagen Kiwon Lafiya

Gabatarwa

Idan ana zancen kiwon lafiya, abin da kan fara faɗowa mai sauraro a rai shi ne likita da malamin asibiti da ma'aikatar lafiya. Ba safai akan tuna da mai unguwa ba, ko direban tasha, ko manomin da ke bin gida gida da littafin rajista a hammata, alhali kuwa a ƙauyuka da dama ta hannun waɗannan mutane ne magani ke kaiwa ga majiyyaci. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda jama'ar gari da kansu suke taimakawa wajen kyautata aikin lafiya a ƙasar Hausa, ta Nijeriya da ta Nijar, da kuma dalilin da ya sa wani yunƙurin yakan yi albarka, wani kuwa ya mutu tun yana jariri.

Akwai kalmomi biyu da za su yi ta fitowa, saboda haka ya kyautu a fayyace su tun daga farko. Abin da ake nufi da inganci shi ne majiyyaci ya tarar da ma'aikaci a bakin aikinsa, a duba shi cikin mutunci, a ba shi magani na gaskiya wanda ya dace da cutarsa. Abin da ake nufi da tattali kuwa shi ne a yi wannan duka ba tare da ɓarnar kuɗi ko lokaci ba, watau kada magani ya lalace a sito, kada mai naƙuda ta kwana ana neman mota, kada a gina asibitin da ba mai shigarsa.

Tushen Al'amarin a Al'ada

Taimakon kai da kai daɗaɗɗen abu ne a wurin Bahaushe. Yana da gayya a gona da wajen ginin masallaci da yashe rijiya, mata suna da adashi da biki, masu sana'ar magani kuma, irin su wanzami da maɗori da ungozoma, kowa ya san gidansu da asalinsu. In aka lura da gayya za a ga tana tsaye ne bisa sharuɗɗa uku. Na farko, 'yan gayya sun san juna, wanda ya ƙi zuwa gonar wani ya san ranar tasa ba za a zo ba. Na biyu, a fili ake aikin, kowa yana ganin iyakar abin da ɗan'uwansa ya noma. Na uku, mai gayya yana da nasa nauyin, shi zai tanadi fura da tuwo da makaɗi, in ya gaza kuwa baɗi ba wanda zai amsa kiransa. Mai karatu ya riƙe waɗannan sharuɗɗa, domin da su za a auna duk abin da zai biyo baya.

Taƙaitaccen Tarihi

Tun cikin shekarun 1960 aka fara gwada shigar da jama'a cikin aikin lafiya na zamani a jihar Maraɗi ta Nijar. Ƙauye kan zaɓi manoma daga cikinsa, a koya musu wanke miki da maganin zazzaɓi da ciwon ido cikin 'yan kwanaki, a ba su akwatin magani, ungozomomi kuma a koya musu tsabtar karɓar haihuwa. Labarin wannan gwaji ya shiga cikin wani littafi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 1975. A Nijeriya ma, a 1974 an fara irin wannan shiri a Garkiɗa, inda ake koya wa ma'aikatan ƙauye isar da darasin lafiya ta hanyar ba da labari, tun da yake jama'a sun fi riƙe labari bisa ga lacca.

Gwamnatin Nijeriya kuwa, a shirinta na raya ƙasa na 1975 zuwa 1980, ta fi mayar da hankali ga gine-gine da sayen kayan aiki, kuma da yawa daga cikin asibitocin da aka tsara ba a kammala su ba. A 1978 ƙasashe 134 suka taru a Alma Ata, cikin Tarayyar Sobiyet ta wancan zamani, suka amince cewa shiga cikin tsara aikin lafiya haƙƙi ne na jama'a, kuma nauyi ne a wuyansu. Wanda ya ɗauki wannan magana da gaske a Nijeriya shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. A zamaninsa aka zaɓi ƙananan hukumomi 52 don gwaji, aka kafa kwamitocin lafiya na ƙauyuka, sa'an nan a 1992 aka kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa. Daga wajen shekarar 2000 aka mayar da mazaɓa ta zama tushen tsarin, kowace mazaɓa da kwamitinta na raya ƙasa.

Daga wannan tarihi hanyoyi huɗu suka fito waɗanda jama'a ke bi su taimaka. Za a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Hanya ta Farko: Asusun Magani Mai Juyawa

A tsakiyar shekarun 1980 tattalin arzikin ƙasashen Afirka ya shiga mawuyacin hali. Magani a asibitin gwamnati kyauta ne a baki, amma in mutum ya je sai a rubuta masa takarda a ce ya tafi kanti. Saboda haka a 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka fito da wata dabara. Za a ba kowane ƙaramin asibiti jarin magani sau ɗaya. Asibitin zai sayar da shi da 'yar riba kaɗan, kuɗin kuma ba za su tafi baitulmali ba, za su zauna a asusun asibitin ƙarƙashin kulawar kwamitin gari, a riƙa sayo wani maganin da su.

Dalilin arahar maganin a bayyane yake. Ana sayen sa ne a sari, kuma da sunansa na asali, ba da sunan da kamfani ya laƙaba masa don talla ba, sa'an nan ana taƙaita saye ga magungunan da aka fi bukata, kamar na zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ciwon haƙarƙari. Aikin kwamiti shi ne ya ƙirga abin da ya shigo sito da abin da ya fita, ya tabbatar an liƙa farashi a bango inda kowa zai gani, ya kuma tantance gajiyayyun da za a yafe wa biya, domin mutanen unguwa sun fi kowa sanin wanda ba shi da ko anini.

Inda kwamiti ya tsaya da gaske, magani kan samu, jama'a kuma su dawo asibiti. Amma abubuwa uku sukan cinye jarin. Akwai bashi, musamman na manyan gari waɗanda ake jin nauyin tambayarsu. Akwai ma'aikacin da kan ajiye nasa maganin a aljihun tebur, ya sayar da shi ya bar na asusu yana lalacewa. Akwai kuma faɗuwar darajar kuɗi, irin wadda ta sami naira daga 1986, da wadda ta sami sefa a 1994 lokacin da aka rage darajarta da rabi. Kuɗin da suka sayi kwali goma bara sai su kasa sayen biyar bana, ko da ba wanda ya ci ko kwabo. Biyun farko lissafi a bainar jama'a yana maganinsu. Na ukun kuwa ya fi ƙarfin kowane kwamiti, sai hukuma ta ƙara jari.

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ƙara wa wannan tsari ƙarfi, da ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don lafiya a matakin farko. An fara sa kuɗin cikin kasafin 2018. Wani kaso nasu yana shiga asusun ƙaramin asibiti kai tsaye, kuma bisa ƙa'ida ba a fitar da su sai da sa hannun shugaban asibitin da na shugaban kwamitin mazaɓa.

Hanya ta Biyu: Rabon Magani ta Hannun 'Yan Gari

Misali mafi kyau a nan shi ne yaƙi da cutar makanta ta bakin kogi. Wani ɗan baƙin ƙuda ne mai hayayyafa a ruwa mai gudu yake yaɗa ta. In ya ciji mutum sai ya sa masa tsutsa wadda kan rayu cikin jiki har shekara 15, tana haifar ƙananan tsutsotsi masu jawo ƙaiƙayi mai tsanani, a ƙarshe su kashe ido. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da maganinta, Mectizan, kyauta har iyakar lokacin da ake bukata. Sai dai maganin ƙananan tsutsotsin yake kashewa, uwar tana nan, saboda haka dole kusan kowa a gari ya sha shi kowace shekara har uwar ta mutu don kanta.

To, ina ma'aikatan da za su kai magani dubban ƙauyuka na bayan kogi, shekara bayan shekara? Da farko an gwada aika ma'aikata da motoci, sai aka ga kuɗin ya yi yawa, kuma sau da dama sukan iso mutane suna gona. A tsakiyar shekarun 1990 aka yi bincike a wasu ƙasashen Afirka, har da Nijeriya, aka gano cewa in an bar gari ya tsara rabonsa da kansa, mutanen da ke samun magani sun fi yawa. Daga nan shirin yaƙi da cutar na Afirka, wanda aka kafa a 1995, ya ɗauki wannan hanya.

Ga yadda ake yi. Gari zai taru ya zaɓi mai rabo, ya sa ranar da ba ta ci karo da shuka ko girbi ko kasuwa ba, ya kuma yanke ko gida gida za a bi ko a ƙofar mai gari za a taru. Tun da ba ma'auni a ƙauye, sai aka yi sanda mai alamomi, a tsayar da mutum a jikinta, tsawonsa ya nuna ko ƙwaya 1 zai sha ko 2 ko 3 ko 4. Ba a ba mai ciki, ko wanda ke kwance ba lafiya, ko yaron da bai kai tsawon santimita 90 ba. Mai rabo ya rubuta kowa a rajista, ya mayar da abin da ya rage. Ta wannan hanya ce aka kai ga dakatar da rabon maganin a jihohin Filato da Nasarawa a 2018, bayan an tabbatar cutar ta daina yaɗuwa a can. Abin lura shi ne, ilimin da aikin ke bukata kaɗan ne, an kuma sauƙaƙa shi har ya zama sanda da littafi. Abin da ya fi wuya shi ne yarda, ita kuwa ɗan gari ne ke da ita.

Hanya ta Uku: Mota da Asusun Masu Naƙuda

Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya. Sun tarar cewa mutuwa ta fi yawa ƙwarai a cikin matan da ba su yi awon ciki ba, waɗanda ba a kawo su asibiti ba sai da abu ya ɓaci. Daga baya masana suka kasa jinkirin da ke kashe mai naƙuda gida uku: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, da jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farko da na biyu duk a cikin gari suke faruwa, tun kafin likita ya ga matar. Mai zubar da jini bayan haihuwa kuwa tana iya cikawa cikin sa'a biyu in ba a taimake ta ba.

A farkon shekarun 1990 masu bincike daga Sakkwato suka nemi haɗin kan ƙungiyar direbobi a jihar Kebbi, na Zariya kuma suka taimaka aka kafa asusun rance a ƙasar Maƙarfi. Daga baya tsarin ya bazu zuwa Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara da wasu jihohi, tare da ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW. Direban da ya ba da kansa akan koya masa alamomin haɗari, irin su zubar jini da jijjiga da doguwar naƙuda, da yadda ake ɗaukar mace a kwantar da ita a mota. In an kira shi, ko da tsakar dare ne, zai kai ta asibiti, ba zai karɓi abin da ya wuce kuɗin mai ba. Ladan da ƙungiya kan yi masa a tashoshi da yawa shi ne ta ba shi lodi ba tare da ya bi layi ba, ga kuma girman da yake samu a idon jama'a. Asusun rance kuwa adashi ne aka sauya masa manufa: kowane gida ya zuba ɗan abin da ya sawwaƙa, wanda bukata ta kama ya ranta nan take, ya biya bayan suna.

Jinkiri na farko ya fi wuyar magani, domin a gidaje da yawa mace ba ta fita sai da izinin miji, shi kuwa yana iya kasancewa a ci rani. Saboda haka masu wayar da kai suke roƙon magidanta su bar izini tun kafin su yi tafiya. A jihar Damagaram ta Nijar, daga wajen 2008, an kafa abin da ake kira makarantar mazaje, inda magidanta masu mutunci ke zama su tattauna lafiyar iyali, sa'an nan su ja hankalin 'yan'uwansu maza a majalisa da masallaci.

Hanya ta Huɗu: Sarakuna da Amincewar Jama'a

Sunan da Bahaushe ya ba cutar shan inna ya isa ya nuna yadda ya fahimce ta tun asali, watau Inna ce, aljanar nan ta bori, ta shanye wa yaro ƙafa. Wanda ya ɗauki cuta aikin iska ce, da wuya ya ga amfanin ɗigon magani a baki. Bugu da ƙari, gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar zargi a zukatan mutane. Haka kuma jama'a suna tambayar dalilin da ya sa ake bin su har gida da maganin cuta guda kyauta, alhali na zazzaɓin da ke kashe 'ya'yansu sai sun saya. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohi, ba a koma ba a Kano sai a watan Yuli na 2004, cutar kuwa ta sake bazuwa har ƙasashen waje.

A 2009 Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko. Umarni ya riƙa sauka daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, wanda ya san kowane gida da jaririn da aka haifa a cikinsa. Sarakuna suka ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu maganin a gaban jama'a. Aka ɗauki mata 'yan unguwa su shiga gidajen da namiji ba ya shiga, waɗanda cutar ta naƙasa su ma suka fito suna jan kunnen iyaye. Yaran da suka kamu a Nijeriya sun ragu daga 388 a 2009 zuwa 21 a 2010. An ga na ƙarshe a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar asalin ƙwayar cutar ta ƙare a Afirka. Duk da haka wani nau'inta mai ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci ya ci gaba da bayyana bayan 2020, saboda haka ba a ajiye aikin ba.

Iyakar Abin da Gayya Ke Iyawa

Kada mai karatu ya ɗauka cewa jama'a za su iya ɗauke wa hukuma nauyinta. Direba yana iya kai mace ƙofar asibiti cikin dare, amma in ba ungozoma ƙwararriya, ba jini, ba wuta, to jinkiri na uku zai cinye wahalarsa, gobe kuma ba wanda zai yarda a kai matarsa. Mai aikin sa kai shi ma yana da ciki da iyali, in aka yi ta ɗora masa aiki shekara da shekaru ba ko sabulu, sai ya gaji ya koma gonarsa. Kwamitin da ɗan siyasa ya cika da yaransa kuwa ba zai iya tambayar kowa lissafi ba. Haka nan kwamitin da ba mata a cikinsa, alhali mata da yara su ne mafi yawan masu zuwa asibiti, ba zai ji rabin koke-koken gari ba. A wuraren da rashin tsaro ya tashi ƙauyuka, kamar wasu sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, ba a ma zancen kwamiti sai gari ya zauna.

Nijar ta ba da darasi ta fuska biyu. Daga 2001 gwamnatin Shugaba Mamadou Tandja ta gina ƙananan ɗakunan shan magani a karkara, a 2006 kuma aka mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. Mutuwar irin waɗannan yara ta ragu daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Amma da gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci kuɗin maganin da suka bayar kyauta, sai asusun kwamitoci da yawa ya bushe, magani ya yanke. Mai gayya ne ya kira mutane gona bai kawo fura ba.

Kammalawa

An ga cewa duk inda gudummawar jama'a ta yi amfani, sharuɗɗan gayya uku sun cika. Gari ne ya zaɓi wanda zai yi masa aiki, kamar mai rabon magani da direban tasha. An yi aikin a fili, da rajista da farashi a bango da sa hannu biyu a takardar banki. Hukuma kuma ta sauke nata nauyin na magani da ma'aikata da biya a kan kari. Inda ɗaya ya ɓace, sauran biyun ba su daɗe. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sanin wurin yoyo ba ya hana ɗaki zuba sai an sami abin yaɓe.

Akwai kuma rabon ɗaliban Hausa a cikin wannan aiki. Misalin shan inna ya nuna cewa sunan da jama'a suka ba cuta yana iya buɗe wa magani ƙofa ko ya rufe ta. Tattara sunayen cututtuka na kowane karin harshe, da bayanin abin da mutane ke nufi da su, da fassara saƙonnin lafiya cikin Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta ji ta gane, aiki ne da likita ba shi da lokacinsa, mu kuwa shi muka zo koyo. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.